Kafin ka kafa turke: yadda zaka tsara barga da ɗakunan hidima irin na manyan gidajen da

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da mutane suka fara komawa gidajensu a nan yankin Sinnar na ƙasar Sudan bayan abin da yaƙin nan ya yi mana, kusan kowa gini yake, wani gyaran katanga wani rufin ɗaki, kuma na lura abu ɗaya ake bari sai ƙarshe, wurin dabba da ɗakunan ajiya. Sai an gama diwan, wato ɗakin baƙi, an gama ɗakunan kwana an shafa fenti sannan a waiwayo a ce toh ina zamu sa dokin nan mai jan karo, wato amalanke, sai a jingina kwano biyu a jikin katanga a ce shikenan an yi barga. Alhali wannan dokin ko jakin shi ke ɗebo ruwa, shi ke kai kaya kasuwa, yanzu da mai ya yi tsadar da ya yi ma shi ne motar gidan gaba ɗaya. Wallahi abin yana damuna shi yasa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani.

Ni a gidan doki na tashi. Kakanninmu na cikin mutanen da suka biyo hijirar Sarkin Musulmi Attahiru, bayan an kashe shi a Burmi a 1903 suka ci gaba da tafiya gabas da ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno har suka zauna a bakin kogin Bahar Azrak, wato Blue Nile, kuma son doki bai taɓa fita daga jinin gidanmu ba. Baffana shi ke kula da bargar gidan, a wajensa na koyi yawancin abin da zan faɗa. Daga baya da waya ta zo hannu sai na kamu da kallon hotunan tsofaffin bargogin manyan gidajen ƙauye na Ingila da Faransa, irin gidajen masu sarauta da ke tsakiyar gandunsu, ina karanta yadda aka tsara su, sai na ga ikon Allah, abin da Baffa ke faɗa a tsugune a bargar laka shi ne waɗannan mutanen suka gina da dutse.

Misali akwai gidan Chatsworth a Ingila, bargarsa wani mai zanen gini James Paine ya tsara ta wajen 1760, gini ne mai kusurwa huɗu da fili a tsakiya kamar hosh ɗinmu, wato tsakar gida, a da tana ɗaukar doki 80, da maƙera a ciki, a sama kuma wurin ajiyar hatsi da ɗakunan masu kula da dawakin, ga hasumiyar agogo a kan ƙofar shiga don kowa ya san lokacin ba da abinci da lokacin ɗaura sirdi. Ta Chantilly a Faransa ta fi wannan, an fara ta a 1719, Jean Aubert ya zana, tsawonta mita 186, doki 240 take ci a wancan lokacin, in ka ga hotonta zaka rantse ita ce fadar. Mu ma ai haka ne a can gida, a fadar Kano har sarauta aka yi wa barga, Shamaki, kuma yana cikin manyan bayin sarki. Ba girman nake so mu kwaikwaya ba don babu mai kuɗin haka a cikinmu. Tsarin nake so mu ɗauka, domin waɗannan magina kafin su aza tubali sai sun tambayi kansu ta ina iska ke zuwa, ina ruwa zai bi, kuma mai aikin bargar taku nawa zai yi daga ciyawa zuwa komi.

Toh fara da iska. Kar ka auna komai tukuna, ka fita filin gidanka da asuba da kuma bayan la'asar ka tsaya ka ji. A nan tsakiyar Sudan da sanyi iskar arewa ce, da damina kuma ta juya ta dawo daga kudu, shi yasa ka ga tsofaffin ɗakunanmu tagoginsu arewa da kudu suke kallo. Barga ma haka take so, tsawon ginin ya kwanta gabas da yamma, buɗaɗɗun ɓangarorin su kalli arewa da kudu, bangon yamma ya zama toshe saboda ranar yamma ita ke dafa dabba. Sannan kar ka jera ta a layi ɗaya da ɗakunan kwana ta arewa ko ta kudu, in ka yi haka rabin shekara warin fitsari da ƙuda a ɗakin uwargida zasu kwana, ka matsar da ita gefen gabas ko yamma na hosh ɗin yadda iskar zata wuce da warin waje. Amma kar ka kai ta can nesa inda doki zai yi haniniya da dare ba wanda zai ji, musamman a wannan zamanin da satar dabba ta yi yawa. Su ma Turawan da haka suke yi, bargar tana gefe, an raba ta da babban gida amma ana ganin ƙofarta.

Sai ruwa, kuma nan ne mutanenmu suka fi shan wahala. Ƙasar Jazira da Sinnar da Gadarif baƙar laka ce, da rani ta tsage har hannunka ya shiga, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga gini. In ka ɗora barga a kanta haka kawai, damina biyu bangon ya buɗe baki, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bayan ƙadangaren kunama da maciji. Ka nemi inda ya fi tudu a gidan, ka haƙa harsashi ya nutse sosai, ka zuba yashi da tsakuwa ka daddaɓe, ƙasan bangon ka yi shi da jan bulo aƙalla har gwiwa kafin ka ci gaba da jalus, wato ginin laka da ake ɗorawa sahu sahu, ko tubalin laka. Cikin bargar kuma ka cika shi ya fi tsakar gida tudu da kamar taki ɗaya na hannu ko fiye. Ruwan rufi ka ba shi indararo mai tsawo ya zuba nesa da gindin bango, don ruwan da ke kwanciya a gindin bango shi ke kashe gini a ƙasar nan ba wanda ke sauka daga sama ba.

Daɓen ciki zan ɗan daɗe a kai. A tsofaffin bargogin Ingila da ƙananan bulo masu tauri ko duwatsu suke shimfiɗa shi, masu tsaga tsaga don kofato ya kama, an ɗan karkata shi zuwa wata siririyar magudana da ke bayan dawakin ta fitar da fitsari waje. Karkatar kaɗan ce, kamar santimita 1 da rabi zuwa 2 a kowace mita, in ta wuce haka doki zai wuni a tsaye kan gangare jijiyoyin ƙafarsa na baya su gaji. Mu nan zaka iya yi da jan bulo a kafa shi ta gefe a cike tsakani da yashi da ɗan siminti, ko kuma ka yi daɓen ƙasa mai ƙarfi ka riƙa zuba busasshen yashi a kai kana canjawa. Abin da bana so shi ne siminti mai santsi irin na ɗakin kwana, doki ya yi fitsari ya zo tashi ƙafa ta zame, na ga dokin da ya tsage cinya a haka bai ƙara jan karo ba.

Ina tuna ranar da aka gama sabon daɓe a bargar gidanmu ina yaro, maginin ya wanke hannu yana jiran kuɗinsa, Baffa ya ce min kai ɗauko min bokiti. Na kawo cike da ruwa, ya je can ƙuryar ciki ya sheƙa shi ƙasa ya tsuguna yana kallo bai ce komai ba. Ruwan ya taho ya taho sai ya tsaya a tsakiya ya yi ɗan tafki kamar faifai. Ya ɗago ya ce malam zo ka gani, nan ne kofaton dokina zai ruɓe. Maginin ya ce haba Alhaji ai wannan ɗan kaɗan ne rana zata shanye, Baffa ya ce rana bata shiga barga. Sai da aka tayar da wurin aka sake. Har yau ni da bokiti nake karɓar aikin daɓe, kai ma kar ka biya sai ka zuba ka ga ruwan ya fita da kansa.

Girman ɗakin. Da can a Ingila a jere ake ɗaure dawaki, kowanne a ɗan lungu mai faɗin kusan mita 2 da katako a tsakaninsu, fuska na kallon bango. A ƙarni na 19 suka fara komawa ɗaki sukutum wa kowane doki inda yake sake ba ɗauri, ya juya ya kwanta ya miƙe yadda ya ga dama, don sun ga dokin da ke sake ya fi hutawa ƙafarsa bata kumbura. In kana da fili ka yi irin wannan, mita 3 da rabi kowane ɓangare ko 4 ga babban doki, jaki mita 3 ta ishe shi. In kuma turke zaka yi irin namu na gado ba laifi, amma ka tabbata igiyar ta kai ya kwanta ya sa kai ƙasa, turken ya zama gajere mai kauri an goge kansa ya yi sumul, kuma tsakanin turke da turke ya wuce inda harbi zai kai. Ingarma biyu kam kar ka haɗa su ba bango a tsakani.

Rufi ya yi sama, daga mita 3 zuwa 3 da rabi. Wani ɗan uwanmu ya ba wani magini aiki ya rufa masa barga da kwano a tsayin da hannu ke taɓawa, ba taga ba komai sai ƙofa, cikin watan Mayu dokin ya daina cin abinci yana ta haki kamar wanda ya yi sukuwa, da tsakar rana in ka shiga kamar tanda. Sai da muka ɗaga rufin muka shimfiɗa kara a kai sannan dabbar ta dawo hayyacinta. Rufin gargajiya ya fi sanyi nesa ba kusa ba, azarar giginya ko goriba in ka samu, ko itacen bagaruwa wanda nan ake ce wa sunut, a jera kara ko zana a zuba laka a shafe da zibala, wato laka haɗe da kashin dabba, kafin damina, kowace shekara a sake shafawa. In dole sai kwano toh a ɗaga shi, a bar rata tsakanin kan bango da rufin ko'ina, a sa zana a ƙarƙashi. Turawan a ƙasarsu mai sanyi ma sai da suka riƙa huda rufin barga suna sa 'yar hasumiya mai tagogin katako don gurɓatacciyar iska ta fita ta sama, balle mu da zafi ke wuce digiri 40. Tagogi a sa su sama da kan doki, arewa da kudu suna kallon juna, da sandunan ƙarfe. Gwajin Baffa a nan shi ne ka shiga da asuba kafin a share ka sunkuya daidai inda hancin dokin yake in ya kwanta, in warin fitsari ya sa idonka hawaye toh shi a haka ya kwana, kuma daga nan tari ke farawa.

A gaban ɗakin ka yi rakuba, wato rumfa, mai faɗi, a inuwarta zaka riƙa yi masa wanka da goge jiki da duba kofato, in da darbejiya a kusa ma ya fi.

Ƙofa faɗinta kar ya gaza mita 1 da santimita 20, tsayi wajen mita 2 da rabi, ta buɗe zuwa waje domin in doki ya kwanta ciwo a jikinta ba zaka iya turawa ciki ba. Ka yi ta gida biyu sama da ƙasa kamar yadda ake gani a waɗancan tsofaffin bargogin, a rufe ta ƙasa a bar ta sama a buɗe ya leƙo yana ganin mutane, doki dabba ce mai son jama'a, in ka kulle shi cikin duhu shi kaɗai sai ya fara cin katako yana mugun hali. Sakata biyu, ɗaya sama ɗaya can ƙasa, don akwai dokin da ke zare sakata da leɓe. Kusurwar bakin ƙofa a rage mata kaifi, ƙusa ko waya kar a bar ko ɗaya a waje.

Komin abinci a gina shi da bulo a shafe cikinsa sumul ba lungu don a iya wankewa, tsayinsa daidai ƙirjin dabbar ko ƙasa da haka. A nan kam kar ka bi tsoffin Turawa, su a sama suke maƙala ragar ciyawa a jikin bango ana zubo ciyawar daga bene ta wata kafa, ya sauƙaƙa wa ma'aikaci amma ƙura da tsinke na zuba a idon doki, su da kansu daga baya suka sauko da ita. Doki Allah ya halicce shi yana ci kai a ƙasa. Amma kuma kar ka zuba masa dawa ko dusa a kan yashi, yana haɗiye yashin ya taru a ciki ya kawo ciwon cikin da ke kashe doki dare ɗaya. Ruwa kullum a gabansa, babban doki yana shan lita 30 zuwa 50 a rana da zafi ma ya wuce, rabin durom a kusurwa ya wadatar in ana wankewa, da ɗan gurbin kanwa ko gishiri a gefe.

Yanzu ɗakin ciyawa. Barsim da abu sab'in, wato ciyawar da ake nomawa a nan don dabbobi, da karan dawa da harawar gyaɗa duk dukiya ce, wanda ya kai watan Yuni ba ciyawa ya san haka. A Ingila a benen da ke kan barga suke tarawa, kuma sun ga illarsa, tururin fitsari na tashi ya ɓata ciyawar ga shi in wuta ta kama ba doki ɗaya da zai fita. Mu ka ware mata nata wurin, taku kaɗan daga barga amma nesa da madafa da inda ake toya kisra, wato gurasar dawa ta nan, a yi mata dandamali da itace ko bulo ta bar ƙasa saboda gara da damshi, gefe a buɗe iska na ratsawa. Kuma dan Allah kar ka tara barsim bai gama bushewa ba, yana yin zafi a ciki ya yi fumfuna, wani lokacin har ya kama wuta da kansa. Ka cusa hannu tsakiyar tarin bayan kwana biyu, in ka ji ɗumi warware shi ka shanya. Hatsi da ambaz, wato tunkuza, kuma a durom mai murfi ko ƙaramin rumbu a kan duwatsu irin na kakanninmu, a ɗakin da doki ba zai iya shiga ba ko ya tsinke, domin in ya samu buhun dawa zai ci har ya jawo wa kansa ciwon ciki ko ciwon kofato.

Ɗakin kayan doki ƙarami ne amma a yi shi. Turawan can har murhu suke sa wa a ciki don damshi kar ya lalata fata, mu matsalarmu akasin haka ce, zafi da ƙurar guguwar nan da ake kira habub ke busar da fata ta tsattsage, sai ɓera da gara. Don haka ɗaki mai kaurin bango mai ƙofa mai rufuwa ruf, a kafa sanduna a bango a rataye sirdi da linzami da ragama da kayan jan karo, kar komai ya taɓa ƙasa, jalala da zubka in sun jiƙe da gumi a shanya a inuwa kafin a shigar. Karon kansa a yi masa rumfa kusa da ƙofar waje yadda zai shiga ya fita ba sai ya ratsa tsakar gida inda yara ke wasa ba, kamar yadda ɗakin karusa yake da manyan ƙofofinsa daban a waɗancan gidajen. Rana ke cinye taya ba hanya kaɗai ba.

Wani abin da ya burge ni a waɗannan gidajen shi ne kowane ƙaramin gini an ba shi ɓangaren da ya dace da aikinsa. Ɗakin madara a arewa yake inda rana bata bugu, da kantocin dutse masu sanyi. Suna da ramin ƙanƙara, a haƙa rami mai zurfi a gina shi da bulo a yi masa rufi kamar tulluwa da magudana a ƙasa, da hunturu a sassaro ƙanƙara daga tafki a jibge da ciyawa ta kai har bazara. Ɗakin wanki kusa da ruwa da filin shanya. Ɗakin tantabaru kuma hasumiya ce da ɗaruruwan ramuka a bango, ana cin 'ya'yan ana kai kashin gona. Namu daidai da wannan shi ne wurin zir, wato randar ruwa, ka yi masa 'yar rumfa a arewacin wani bango inda iska ke wucewa, nono da kayan miya su zauna kusa da shi, yanzu da wutar lantarki ba tabbas wannan lungun shi ne firjin gidan. Tantabaru da kaji a ɗaga su sama kuma a nisanta su da komin doki da ruwansa.

Kashin doki a haƙa masa rami can ƙarshen gida inda baro ke kaiwa a miƙe daga ƙofar barga, nesa da rijiya da zir, a riƙa rufewa da ƙasa saboda ƙuda, kafin shuka ya zama taki. Mu da muke kusa da kogi da magudanan noma kuma da damina sauro da ƙananan ƙwari masu cizo suna kawo wa doki cuta da dare, shi yasa tsofaffi ke shigar da dawaki kafin magariba su yi musu hayaƙi. In zaka yi hayaƙin a tukunyar ƙasa a waje ta inda iska ke shigowa, wani babba na zaune har ta mutu.

Sai ɗakin mai kula da dabbar, ko ɗanka ne ko yaron gida. A Chatsworth a saman bargar suke kwana, a gidanmu ɗakin Baffa bango ɗaya ne da bargar kuma ya bar 'yar kafa a bangon daidai kan gadonsa. Wata rana cikin dare ya tashe ni ya ce kawo fitila, Akawal na bugun ƙasa. Ni ban ji komai ba, muka shiga muka tarar dokin ya jiƙe da gumi yana waiwayen cikinsa yana neman birgima, muka fito da shi muka yi ta zagaya hosh da shi a hankali har aka kira sallar asuba, da gari ya waye aka ɗauko likitan dabbobi. Don haka in kana zana gidan a ƙasa da sanda, ka sa ɗakin nan ya manne da bargar ta gefen gabas, ka bar kafar a bango kamar faɗin tafin hannu biyu ka sa mata raga saboda sauro.